Telan da Ya Kori Ƙaninsa da Aya

Akwai wani tela, dattijo a ikilisiyarsu, da ya san Littafi Mai Tsarki kamar yunwar cikinsa. In ya ja aya, ko fasto sai ya gyara zama.

Iyayensa sun rasu, daga shi sai ƙaninsa direba, wanda giya ta lalata. Wata Lahadi ƙanin ya shigo sujada a buge, ya yi amai a kan benci. Telan ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Sai ya bi matakan horo da ya karanta a Littafi Mai Tsarki. Ya yi masa faɗa su biyu, ya dawo da shaidu, ya kai shi gaban ikilisiya. Duka a mako ɗaya, kamar ɗinkin gaggawa. Ƙanin bai daina ba.

Telan ya ce masa, "Wanda ya ƙi ji, cewa aka yi a ɗauke shi kamar mai karɓar haraji. Kada ka ƙara taka min gida."

Matarsa ta ce, "Baban yara, shi Yesu me ya yi wa masu karɓar harajin? Ba abinci ya ci da su ba?"

"Ki bar wa masu karatu karatunsu."

Bayan wata biyar ƙanin ya zo shago, ciki a kumbure, idanu sun yi rawaya.

"Yaya, na daina sha. Ka raka ni asibiti, tsoro nake ji."

Zuciyar telan ta karye, amma ya ɗauka tausayin nan jaraba ce. Bai ko ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba. Ya ce, "Ka fara tuba a gaban jama'a tukuna."

Kwana tara bayan haka wani direba ya kawo wa telan labarin rasuwar ƙaninsa. Telan ya ruga asibiti, ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi ko shi wane ne.

"Yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ta dube shi da mamaki. "Sau uku muka tambaye shi wa za mu kira. Ya ce ba shi da kowa."

Darasi: Kafin ka yanke wa ɗan'uwanka hukunci da aya, duba yadda Mai ayar ya bi da masu zunubi. An ba mu horo don a maido da ɓatacce, ba don a huta da shi ba. Ku tura wa wani, wataƙila nasa ƙanin yana da rai har yanzu.