Kurman Bayan Ginshiƙi

Akwai wani mutum a wani ƙauye na ƙasar Jamus, kurma ne tun yana goye. Allah da ya rufe masa kunne sai ya buɗe masa hannu. In ya kama gizago, kututture yakan zama mutum. In ya zana fuskarka, uwarka ma sai ta yi mata magana. Shi da idonsa yake sauraro. Muddin ka fuskance shi, zai ɗauki zancenka daga leɓɓanka.

Matarsa tana ji sarai, ita ce bakinsa a wurin mutane. Abu ɗaya ke ci mata rai. A majami'arsu kowane gida da bencinsa na gado, manya a gaba, su kuwa nasu yana can bayan wani ƙaton ginshiƙi. Kowace Lahadi mijinta yakan zauna yana kallon dutse har a tashi. A gida sai ya tambaye ta da hannu, me aka ce? Ita kuma ta kawo masa ɗan abin da ta riƙe, kamar mai ɗebo ruwa a tafin hannu.

Ana nan sai mumbarin wa'azi ya ruɓe, dattawan ikilisiya suka zo wurinsa don ya sassaƙa musu sabo. Matar ta ce wa babbansu, "Baba, ya ce zai yi, ba ya son lada. Wurin mutum ɗaya yake roƙo a gaba, inda zai ga bakin Fasto."

Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Ai wannan mai sauƙi ne, 'yata. Bari a gama aikin tukuna."

Mutumin ya duƙufa, sanyi ya zo ya wuce, ya sake dawowa. A gaban mumbarin ya sassaƙa Yesu yana warkar da kurma, ya riƙe kan kurman da hannu biyu, fuska da fuska. Ranar keɓewa gari ya cika, baƙi suna ta shafa katakon, dattawa suna karɓar yabo. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Mai aikin yana bayan ginshiƙi, ko mumbarin ba ya hange.

Matar ta koma ta tuna wa dattijon. Ya ce, "Wa za mu tayar? Bencin nan tun kakanni. A yi haƙuri, za mu zauna a kai." Suka yi ta zama a kai, zaman da bai taɓa ƙarewa ba. Ba wanda ya zagi mijin, ba wanda ya kore shi, kowa na gaishe shi da fara'a. Abin da ya fi ƙona mata zuciya ke nan, don ba ta da wanda za ta kama da faɗa.

Gashinsa ya yi fari, idonsa ya dushe, ya daina tambayarta me aka ce. Sa'an nan ya mutu.

Aka ɗauko akwatin gawarsa, aka wuce ginshiƙin, aka wuce bencin manya, aka ajiye shi daidai ƙarƙashin mumbari. Fasto ya hau ya dube shi, yana ta yabon hannunsa. Da aka tashi dattijon ya zo yi wa matar ta'aziyya. Ta dube shi ido ba hawaye, ta ce, "Na gode, Baba. Ashe akwai wuri a gaba."

Ma'anar wannan misali ita ce, kurman nan shi ne duk mai yunwar Maganar Allah da ke zaune a cikinmu ba ta kai gare shi. Ginshiƙin kuwa ba mugunta ba ce, al'adarmu ce, da "haka muka tarar", da "za mu duba". Mun iya karɓar aikin hannun mutum mu bar ransa da yunwa, mun kuma iya yabon gawa, wanda ihu ne bayan hari. Ni kaina abin yana ba ni haushi, don kurman da dattawan suka so na katako ne, wanda ba ya roƙon benci.

Ubangiji ya fuskanci kurma tun yana da rai. Ku waiwaya yanzu ku ga wanda ke zaune a baya. In ba ku matsa kun ba shi wuri yau ba, wata rana za ku kawo shi gaba a kafaɗunku.