Zagayen Tunau a Birnin Gumsa

A zamanin da ba a san wata hanya a ƙasar nan ba sai turbar giwaye, an yi wani maharbi da ake kira Tunau. Mutumin arewa ne. Fari ya kore shi daga garinsu shi da matarsa Dela, suka nausa kudu cikin dajin da ko makiyaya ba sa ratsa shi. Masu riƙe da tarihi sun ce dogo ne siriri, ba ya son yawan magana, kuma bai taɓa harbin dabba sau biyu ba. Maroƙan baya suna yi masa kirari: Tunau na Dela, baƙon da daji ya tashi ya ba wurin zama.

Ana cikin tafiya ƙishirwa ta kai su inda Dela ta kasa ɗaga ƙafa. Tunau ya hangi wani gwanki tsaye a gindin dutse, ya ɗana kibiya, ko da jininsa ne ya jiƙa mata maƙogwaro. Gwankin bai gudu ba. Ya dube shi, ya daki ƙasa da kofato, sai ga ruwa yana ɓulɓulowa. Tunau ya mayar da kibiyarsa cikin kwari. A nan ya haƙa rijiya, a nan suka kafa bukka, Dela kuma ta dasa tsamiya kusa da wurin.

Labarin ruwan da ba ya ƙafewa ya bazu. Maƙera suka zo, masu rini suka biyo, fatake suka mai da wurin zango. Aka kira garin Gumsa, aka kewaye shi da ganuwa. Da aka ce Tunau ya hau sarauta sai ya ƙi, ya ce shi sawun dabba ya iya bi, bai iya raba faɗan mutane ba. Aka naɗa wani. Sarki ya bi sarki, har Gumsa ta zama babban birnin da garuruwan ƙasar duka ke kawo wa gaisuwa. Shi kuwa Tunau mutuwa ta manta da shi. Ya binne Dela, ya binne 'ya'yansa, ya ga jikokinsa da furfura. Idonsa ya dushe, amma ƙafarsa ta san kowane lungu.

Sai wani mayaƙi ya taso daga gabas, ana ce masa Ƙaura Marmara. Ya kewaye birnin har abinci ya ƙare, sarki ya faɗi a bakin ƙofa, Gumsa ta miƙa wuya. Aka tara mutane a dandali, kowa yana jiran abin da za a yi da shi.

Ƙaura bai yi tsawa ba. Mutum ne mai sanyin murya. Ya ce ya daɗe yana jin labarin Gumsa, yana so wanda ya fi kowa saninta ya zaga da shi da ƙafa, ya nuna masa abubuwan da ake alfahari da su.

Tunau ya dogara sandarsa ya miƙe. A ransa ya ce, wanda ya ga wuri ya kuma ji yadda aka sha wahalar kafa shi, hannunsa zai yi nauyin rusa shi. Abin da ya rage masa ke nan da zai kare garin da shi.

Suka fara da Ƙofar Gwanki. Tunau ya ɗaga hannu ya nuna ƙyauren, ya ce, “Ranka ya daɗe, itacen nan daga kurmi muka jawo shi da igiya. Mutum ya mutu a ƙarƙashinsa kafin ya tsaya. Duk amaryar da ta shigo birni sai ta shafa shi.”

Ƙaura ya shafa ƙyauren da tafinsa. “Aiki ya yi kyau, Baba. Mu je gaba.”

Suka je marina, Tunau ya faɗa masa yadda baƙin rinin Gumsa ba ya koɗewa ko an wanke shi har ya yage. Suka je maƙera, ya nuna masa uwar maƙerar da aka ƙera fartanyar farko a kanta. Ƙaura yana sauraro da kyau, yana tambaya kamar ɗalibi, inda hanya ta yi gargada har ya riƙe wa tsohon hannu. Zuciyar Tunau ta fara sanyi. Bakin da ya shekara bai buɗe ba ya buɗe, ya yi ta zuba labari. Ya kai shi rumbunan da ake buɗe wa talakawa in shekara ta yi tsanani. Ya kai shi tsamiyar Dela a tsakiyar kasuwa, inda ake sulhunta masu faɗa, ya ce a gindinta ya binne matarsa.

Sun bar tsamiyar ba da nisa ba ya ji sautin gatari a bayansu. Ya tsaya. Iska ta juyo, ta kawo masa ƙaurin itace mai tsufa, irin ƙaurin da ba na girki ba. Idonsa bai iya hango hayaƙin ba, amma ya ji kukan mata daga wajen marina.

“Ranka ya daɗe, me ke ƙonewa?”

“Ƙofar da ka nuna mini,” in ji Ƙaura. “Marinar ana cike ta da ƙasa. Abin da kake ji kusa kuma tsamiyar ce.”



Ƙaura ya ci gaba, murya a kwance. “Na ci garuruwa da yawa, Baba. In na rushe ganuwa na tafi, sai mutane su dawo su sake ginawa, 'ya'yansu su tasam mini. Na gane akwai abubuwan da suke dawowa dominsu. Ni baƙo ne, ban san su ba. Kai ka san su. Saura me?”

Tunau ya san abin da ya saura. Ya ce su tafi. Ya karkata da su yamma, nesa da rijiyar, ya kai su wani tsohon kududdufi da jakai ke shan ruwa, ya rantse cewa a nan gwankin ya daki ƙasa. Tun da aka haife shi bai taɓa ƙarya ba, muryarsa kuwa ta tona shi.

Ƙaura ya yi murmushi. “Ka gaji, Baba, zauna ka huta. Dubi ƙasa. Duk turbar da ƙafar mata ta sassaƙa a birnin nan wuri guda ta nufa. Wannan kam zan same shi da kaina.”

Tunau ya durƙusa, ya kama gefen rigarsa. “Ka ɗauki raina ka bar musu ruwa.”

“Ranka ba shi zai dawo da su ba,” in ji Ƙaura, ya zame rigarsa.

Daga inda yake zaune Tunau ya ji ana mirgina duwatsun ganuwa ana jefawa cikin rijiyar. Da farko kowane dutse sai ya ji ƙarar ruwa. Can sai dutse ya riƙa faɗawa kan dutse.

Aka kora mutanen Gumsa gabas, babba da yaro. Da suka zo wucewa ta gabansa, babu wanda ya zage shi, babu kuma wanda ya yi masa sallama. Wata jikarsa, ita ma tsohuwa, ta tsaya ta ce, “Kaka, da ka yi shiru.” Aka tura ta gaba. Mayaƙa suka tambayi Ƙaura ko a haɗa da tsohon, ya ce a bar shi, ba zai kai ko'ina ba.

Tunau ya zauna shi kaɗai a kufai. An ce raɓa yake lasa daga ganye, mutuwa kuma ta ƙara jan lokaci kafin ta tuna da shi. Kullum da hantsi sai ya tashi ya bi hanyar da ya bi da Ƙaura, daga gurbin ƙofa zuwa kututturen tsamiya. Fataken da suka ratsa ta wurin sukan same shi, in sun roƙe shi ya zaga da su. Amma bai sake ɗaga hannu ya nuna komai ba. Hannayensa a baya yake harɗe su, in ya iso wuri sai ya juya masa baya, ya faɗi sunansa a hankali yana kallon ƙasa. Wata rana fatake suka iske shi kwance a kan duwatsun da suka cike rijiyar, suka binne shi a gefe.

Bayan zamani mai tsawo wasu daga zuriyar Gumsa suka dawo. Sun kwashe duwatsun, sun haƙa har igiyarsu ta ƙare, ba su tarar da ko laima ba. Suka kafa ɗan ƙauye can bakin rafi, wanda bai taɓa girma ba.

Har yau in baƙo ya zo ganin tsohon birnin, dattijo ne daga ƙauyen ke shiga gaba, ana kiran tafiyar zagayen Tunau. Mai jagora yana harɗe hannu a baya, yana juya wa kowane wuri baya kafin ya ambace shi. In baƙo ya manta ya miƙa yatsa yana tambayar menene wancan, dattijon yakan kama hannun ya sauke masa, su wuce wurin ba tare da ya faɗi sunansa ba.