Kafintan da Ya Ƙi Ɗaukar Jikarsa

Akwai wani dattijon kafinta da 'yan layinsu ke kira Baba Zarto. Mutum ne mai barkwanci, amma wata cuta ta zo ta kashe masa baki.

Da gyambon baki ta fara, har shan ruwa ya zame masa aiki. Sai ƙuraje masu ruwa suka feso masa a ƙirji da gadon baya, rigarsa na manne wa fata.

Ana cikin haka 'yarsa ta haihu. Aka miƙo masa jaririya, ya mai da hannuwansa baya.

"Ku yi nesa da ita," ya ce. "Kada in shafa mata."

Ciwon jiki bai ci shi kamar wannan ba. Daga bakin ƙofa yake leƙen jikarsa ta fari, ya koma shago ya zauna cikin garin katako yana share ido.

Asibiti kam sun sha zuwa. Sai dai matarsa mace ce mai tsafta har ta yi yawa. Duk ranar ganin likita, sai ta ƙona allura ta farfasa ƙurajen, ta wanke, ta lafta masa man shafawa, wai kada a ce ba ta kula da miji. Likitoci su ga ɓawo da jan nama, su rubuta maganin ƙwayoyin cuta, ciwo kuma yana nan daram.

Daga baya aka tura su wurin wata likitar fata. Ta daɗe tana duba bayansa, sannan ta tambayi matarsa, "Mama, wa ke fasa ƙurajen nan?"

"Ni ce, 'yata. Ai ba zan kawo miki shi babu gyara ba."

Baba Zarto ya zaci faɗa zai biyo baya. Likitar ta yi murmushi kawai.

"Sannu da ƙoƙari, Mama. Amma in sabo ya fito, ki daure kada ki taɓa. Ku zo mini da shi da ruwansa."

Da sabon ya fito, sai da Baba ya ɓoye wa matarsa allurar. Da suka koma, likitar ta yi masa allurar kashe zafi a wurin, ta yanki 'yar fata a gefen ƙurjin don gwaji, ta ƙara yankar wata a inda babu komai.

"Likita, nan fa lafiyarsa ƙalau!"

"Shi ma yana da abin faɗa, Baba."

Ranar sakamako ta ce masa, "Ka san gam ɗin da ke riƙe falle-fallen katako? Fata ma tana da nata. Garkuwar jikinka ce ta rikice take cinye shi. Cutar ba ta da yawa a mutane, kuma maganinta sai an jure, ana dawowa ana dubawa."

Tambaya ɗaya ce a bakinsa. "Ana ɗauka?"

"Ko kaɗan. Ba ka taɓa zama haɗari ga kowa ba."

Bai san sanda hawaye ya zubo masa ba. Ya yi ta sa mata albarka har ta ji kunya.

Daga asibiti gidan 'yarsa ya zarce, ya miƙa hannu biyu, aka ɗora masa jikarsa. Jaririyar ta ƙare masa kallo, sannan ta tsula masa fitsari a riga.

Matarsa ta zabura za ta karɓe ta.

"Bar mini ita," ya ce. "Alhamdu lillahi."

Darasi: Kada ka gyara ciwo kafin likita ya gani, ka nuna masa shi yadda yake. Kuma ba kowane ƙurji ake ɗauka ba, kada tsoro ya raba mu da namu. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani na can yana leƙen nasa daga bakin ƙofa.