Kurege da Ruwan Wankin Kwano

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu.

A wani ƙauyen dabbobi, gidan Gwaggo Bushiya ne kaɗai mai rufin kwano da indararo. Rijiya da nisa, ruwanta kuma zartsi. In damina ta faɗi, kowa a gidan Gwaggo yake tarar ruwa. Amma Gwaggo tana da doka: ba a tarar ruwan fari. Sai a tsaya a zuba masa ido ya wanke kwano, ya tafi da ƙura da kashin tsuntsu da na ƙadangare. In ya yi garau, sannan a kafa randa, a rufe da faifai.

Da rani Gwaggo ta sa tsani ta shanya gyadar irinta a kan kwanon. Kurege ya gani. Yau ya hau ya ɗan taɓa, gobe ya hau ya ɗan taɓa. Ya ci, ya cusa ɓawon cikin indararo. Ya ci, ya cusa. In ciki ya matsa masa ma ba ya sauka, can yake sauke nauyinsa.

Gwaggo ta zo kwashewa, gyada ba ta cika ƙwarya ba. Ta kai ƙara wurin Kura, wadda ta naɗa kanta alƙaliya don babu mai iya musa mata. Kura ta ce, da muryar nan tata ta hanci, "Duk wanda aka kama da ɓawon gyada, wutsiyarsa tawa ce."

Kurege ya waiga ya dubi wutsiyarsa. Duk duniya ba shi da kadarar da ta wuce ta.

Ana nan, ana nan, hadari ya haɗo daga gabas, kowa ya fito da tulu. Sai Kurege ya tuna da indararo. Ruwan fari zai zubo ɓawon nan a gaban jama'a, kowa kuwa ya san wa ke hawa kwano ba tsani.

Ya ruga ya kafa tulunsa a bakin indararo, ya naɗe da tsumma don kada a ga abin da ke zubowa.

Gwaggo ta ce, "Kai ɗan nan, ruwan wankin kwano za ka tara?"

Ya ce, "Ai ku ne ba ku sani ba, Gwaggo. Kakata ta ce ruwan fari magani ne, yana sa gashi sheƙi. Ba ki ga wutsiyata ba?"

"Kakar taka da zawo ya kashe?"

"Tsufa ne ya kashe ta. Zawon dai rakiya ya yi mata."

Ruwa ya sauko, tulu ya cika, Kurege ya toshe ya saɓa zai wuce.

Gwaggo ta ce, "Tsaya mana. Sha mu gani, ko mu ma mu ƙaru."

Kurege ya dubi tulu, ya dubi wutsiya. Ya rufe ido ya kurɓa. Wani abu ya tokare masa maƙogwaro, bai tambayi ko mene ne ba, ya haɗiye.

"Yaya?"

"Zuma, Gwaggo."

"Hawayen fa?"

"Kakata na tuna."

Kura na gefe da gashinta buzu-buzu. Ta ce, "Maganin sheƙi za ka shanye kai kaɗai, ga alƙaliya a tsaye?"

Kurege ya rungume tulu ya ce, "Ranki ya daɗe, yana da ƙarfi. Ba kowane ciki ke ɗauka ba."

"Cikin da ke narkar da ƙashi?"

Ta fizge, ta ɗaga, ƙwat, ƙwat, ƙwat, har ɓawon da ke gindi.

Kafin nan ruwa ya yi garau, jama'a suna ta cika randuna suna rufewa. Sai cikin Kura ya ce ƙululu. Cikin Kurege ya amsa, ƙululu. Suka yi bayan danga a guje, kowa ya tsuguna. Kurege na nishi ya ɗan karkata ido, sai ga ɓawon gyada a bayan alƙaliya, ko narkewa bai samu zarafin yi ba.

Ya tattara ragowar muryarsa ya ce, "Gwaggo, zo ki ga gyadarki."

Jama'a suka leƙo. Kura ta waiga ta gani, ta tuna hukuncin da ta yanke da bakinta. Ta cusa wutsiya tsakanin ƙafafu ta yanki daji, tana gudu tana tsugunawa, tana gudu tana tsugunawa.

Gwaggo ta matso kusa da Kurege, ta toshe hanci, ta ce a hankali, "Kura ba ta hawa kwano, ɗan nan."

"Gwaggo, ki bar maganar nan. Cikina."

"Na bari. Amma daga bana kai za ka riƙa share kwano da indararo kafin hadari, ka wanke min randa. Shekarar da ka yi ƙiwuya, ni da kaina zan tara maka maganin kakarka, tulu guda, ba kuma Kurar da za ta taya ka."

Kurege ya buɗe baki zai yi ciniki, ciki ya ce ƙululu. Ya ce, "Ina tsintsiya take?"

Ƙurunƙus kan ƙadangaren kan kwano. Wanda zai sha ruwan fari, ya fara nemo kurar da za su raba. In bai samu ba, ya bar shi ya wuce.