Wanda Ya Kori Barewarsa da Ƙafarsa

Akwai wani mutum a wajenmu, nan yammacin jihar Wisconsin ta Amurka, ana ce masa Brock Halvorsen. Dillalin motoci ne a birni, irin mutanen nan da ko gaisawa kuke yi sai ya nuna maka ya fi ka sanin yadda ake gaisuwa. Ya auri Kirsten, 'yar autar Baba Orval, wani tsohon manomi mai gona da daji a bayan tudu.

Gidan Baba Orval gidan maharba ne, da kwari da baka suke farautar barewa tun kakanni. Shi kuwa Brock bai taɓa jan baka ba tunda uwarsa ta haife shi. Amma kullum aka taru a falo ana hirar farauta, shi yana gefe ba ta cewa, ga kawunan bareyi a bango suna kallonsa. Mutum irin Brock ya zauna ana magana babu bakinsa a ciki? Ai ba zai yiwu ba. Sai ya ce bana da shi za a shiga daji.

Baba Orval ya ji daɗi har ransa. Ya ciro mukullin ƙofar gona, wanda ba a ba bare, ya danƙa masa a hannu.

"Ko'ina ka ga dama ka taka, ɗana," in ji tsohon. "Amma kurmin nan na ƙasan tudu, kada ƙafarka ta shiga. Wanda duk ya shiga zai dawo mini da mukulli, ko da ɗan cikina ne."

A kurmin ne wani tsohon namijin barewa yake kwanciya da rana. Mai Tsaga suke ce masa, saboda tsagar da ke kunnensa na hagu. Ƙahonsa rassa goma sha biyu, kuma duk maharban yankin sun san da zamansa. Tun ranar da Brock ya ga hotonsa ya riga ya zaɓi inda zai kafa kan a bangon ofishinsa.

Kafaɗar Baba Orval ta lalace, hawan tudu ma da ƙyar yake yi, don haka ya kira ƙanwarsa, Gwaggo Lorna, ya haɗa ta da Brock. Tsohuwa ce mai shekara saba'in, da wata jaket da ta koɗe har ba a gane asalin launinta. Brock ya dube ta daga sama har ƙasa, ya dubi sabon bakansa da sababbin kayansa masu zanen ganye, ya yi murmushin nan nasa na dillalai.

Ta yi ta yawo da shi gefen daji tana nuna masa abubuwa. Ga bishiyar da namiji ya goga ƙaho har ya saɓule ɓawonta, ga inda ya tone ƙasa da kofato ya bar warinsa, ga bambancin sawun mace da na babban namiji. Ta nuna masa siririyar hanyar da suke bi daga makwanci zuwa gonar masara da yamma. Tana magana, gogan naka yana latsa waya yana cewa duk ya gani a bidiyo.

Abin da ya fi ba shi dariya shi ne wani ɗan gwangwani da take yawo da shi a aljihu. A ciki akwai audugar wata ciyawa, irin ta tumfafiya. Duk 'yan taku sai ta tsinko kaɗan ta saki, ta tsaya tana kallon inda iska za ta kai shi. Ta gaya masa da safe iska hawa tudu take yi, da yamma ta gangaro kwari, kuma duk inda audugar nan ta je, can warin jikinsa ya je. Ta ce barewa tana iya jin motsi ta tsaya tana wasi-wasi, amma in ta shaƙi mutum a makwancinta, ta bar wurin ke nan.

"Haba Gwaggo," in ji Brock, yana nuna mata wayarsa. "Ga shi nan an rubuta iska daga yamma take. Kuma na fesa maganin kashe wari tun daga hula har takalmi. Wannan audugar taki ki ajiye ta ki cusa a matashin kai."

"To," kawai ta ce. Audugar kuwa tana can tana tafiya yamma ta juyo kudu, ba ruwanta da abin da waya ta rubuta.

Sati uku suna zama a kan tudu daga nesa, suna hangen bakin kurmi da madubin hangen nesa. Gwaggo Lorna ta ce sai an jira farkon Nuwamba, lokacin da mazan ke fita neman mata da rana tsaka, kuma sai iskar arewa ta kaɗa. Brock ya koma gida yana yi wa Kirsten ƙorafi, wai danginta mutanen da ne, wai ya gane wayonsu, suna ja masa rai ne don su harbe Mai Tsaga su bar shi da kallo. Kun san mai cutar mutane a ciniki, kowa ma kallon macuci yake yi masa.

Wata ranar Talata Gwaggo Lorna ta kai yayanta asibiti a duba kafaɗarsa. Brock ya buɗe ƙofar gona da mukullinsa, ya gangara ya kutsa cikin kurmin kai tsaye, yana karya rassa kamar saniya ta shiga gonar wake. Ya ɗaure kyamarori uku a jikin itatuwa. Har makwancin ya gano, ciyawa a kwance da ɗuminta, ya dafa da tafin hannu, ya tsuguna ya ɗauki kansa hoto. Bai tashi ba sai da ya zauna a wurin ya cinye burodinsa mai albasa.

Daga nan duk bayan kwana biyu sai ya saci jiki ya koma duba kyamara. Ya sami hoton Mai Tsaga sau ɗaya tak, da sassafe, hancinsa a kan igiyar da Brock ya ɗaure da hannunsa. Bayan wannan babu komai sai kurege, da wata mage ta maƙwabta, da fuskar Brock cike da allo yana leƙe. Wawan bai ma tsorata ba, ya ce wa kansa ai dabbar tana nan kusa.

Ranar Asabar ta farkon Nuwamba iskar arewa ta zo. Da asuba Baba Orval da kansa, yana dogara sanda, ya raka Brock har gindin wata babbar bishiya a tsakanin kurmi da gonar masara. Akwai tsohuwar kujerar ƙarfe a sama. Ya ce masa ya hau ya zauna, kada ya motsa, yau ranarsa ce.

Brock ya zauna tun fitowar rana har azahar, sanyi na cin yatsunsa. Ko jelar barewa bai gani ba. Ya sauko yana tsaki, yana shirya maganar da zai yaɓa wa tsofaffin nan da audugarsu.

Da ya iso gida ya tarar da akori-kurar maƙwabciyarsu, Deb Kowalke, a tsakar gida. Mai Tsaga yana kwance a baya, kibiya ta shige shi daidai bayan kafaɗa. Deb ce ta harbe shi, ta kawo shi ne Baba Orval ya gani don girmamawa, tunda kowa ya san shekara nawa tsohon ya yi yana lura da shi. Ta ce ita ma abin ya ɗaure mata kai, kwana goma ke nan Mai Tsaga ya tare a dajinta, kuma tsohon namiji irin wannan ba ya barin makwancinsa haka kawai sai an taka masa shi.

Gwaggo Lorna ta juya ta gangara tudu zuwa kurmi. Bayan rabin awa ta dawo ta zube kyamarori uku a kan murfin motar. Ba sai an yi tambaya ba, domin gogan ya manna wa kowacce takardar tallan kamfaninsa, da sunansa da lambar wayarsa, kada a sace.

Brock ya fara kame-kame, wai bincike yake yi, wai zamani ya canza. Baba Orval bai ko dube shi ba, yana shafa kunnen nan mai tsaga.

"Bara ya tsaya taku ashirin a gabana, a ƙarƙashin bishiyar da ka hau yau," in ji tsohon a hankali. "Na ja baka har kunne. Na san jan ƙarshe ke nan da kafaɗar nan za ta yi mini. Sai na tuna Kirsten ta ce kana sha'awar shiga cikinmu, na sauke. Na ce a bar wa surukina, ya fara da abin da ni ban taɓa samu ba."

Kirsten tana bakin ƙofa, ta rufe fuska da hannu don kunya.

"Naka ne, ɗana. Tun bara naka ne. Zama kawai aka ce ka yi," in ji Baba Orval.

Sai ya miƙo tafin hannunsa a buɗe. Brock, mutumin da bakinsa bai taɓa mutuwa ba, ya laluba aljihu, ya ciro mukullin ya ajiye masa. Bakan nan mai tsada yana rataye a garejinsa har yau, ko kurege bai taɓa harba ba.

Darasi: In wanda ya riga ka sanin abu ya ce ka jira, ka jira, ko da kayan hannunka sun fi nasa tsada. Girman kai da zargin masu son ka da alheri suna sa mutum ya lalata rabon da aka riga aka ajiye masa. Ku tura wa duk wani sabon shiga da yake ganin ya fi malaminsa sani, wataƙila ya tsaya kafin ya taka nasa kurmin.