Sandar Da Na-Sani Ya Ƙi Karɓa

Akwai wani magidanci da sunansa na yanka ya ɓace a cikin dangi, kowa Na-Sani yake ce masa. Kafin ka kai ƙarshen magana ya ɗaga hannu, ya tura gilashinsa sama da ɗan yatsa, ya ce, "Na sani, na sani." Yaran gidan sun iya shi tsaf, har da tura gilashin.

Wata Asabar dangin matarsa suka ɗauki hayar bas biyu, za a kai yara kallon ruwan da ke zubowa daga kan dutse a cikin wani kurmi, a gindin tsaunuka. Tafiyar ƙasa ce ta minti arba'in, har surukarsa mai ciwon gwiwa ta ce za ta iya.

Na-Sani ya shiga bas ta farko. Da aka tsaya shan mai ya koma ta biyu, wai ihun yara ya sa masa ciwon kai. A ta biyun ma ya ce direba bai iya canza giya ba.

A bakin kurmin akwai ƙofar ƙarfe da 'yar rumfa, da wani dattijo mai gadi zaune gaban tarin sandunan gora. Dokarsa ɗaya ce: duk mai shiga, babba da yaro, sai ya karɓi sanda, in ya fito ya mayar da ita da hannunsa.

Kowa ya karɓa, har auta 'yar shekara huɗu ta samu 'yar guntuwa. Da aka zo kan Na-Sani, sai ya zuba hannu a aljihu.

"Baba, ajiye wa tsofaffi. Na hau tsaunukan da wannan ɗan tudun jikansu ne."

Dattijon ya ce, "Ɗana, ba don dogarawa kaɗai nake..."

"Na sani, na sani."

Ya ranƙwafa, ya kama ƙugu, ya yi taku uku irin na dattijon yana nishi. Yara suka fashe da dariya. Matarsa ta ce, "Haba, Baban yara, sa'an mahaifinka ne fa." Ta ja mayafi ta yi gaba, ba ta sake kallonsa ba.

 Sandar dai na hannun dattijon har suka shige.

Wurin ya yi kyau, ba ƙarya. Ruwa fari fat yana faɗowa kan duwatsu, feshinsa na jiƙa fuska tun daga nesa. Yara suka yi ta tsalle a bakin ruwan, manya na hotuna. Bayan la'asar aka fara tattara tabarmi.

Nan Na-Sani ya hango wata siririyar hanya da ta haura sama ta gefen dutsen. Ya ce wa ƙanin matarsa, "Ku bi hanyar tsofaffi. Ni zan zagaya ta sama, in riga ku isa mota."

"Yaya, allon can fa ya ce kada a..."

"Na sani."

Ƙanin ya ɗaga kafaɗa. "To, a gaida su biri."

Ya hau. Bai yi minti goma ba ya taka wani dutse mai gansakuka. Ƙafar ta tafi, ya gangara cikin wani kwazazzabo, ya ji idon sawunsa ya ce ƙas. Gilashi ya yi nasa wuri. Waya ta faɗa ruwa.

Ya yunƙura zai tashi, azaba ta mayar da shi. Ya ƙwalla kira, ya kira matarsa, ya kira ƙaninta. Rugugin ruwan ya haɗiye muryar, ko shi da kansa da ƙyar yake jin ta.

Sai wani tunani ya faɗo masa wanda ya fi ƙafar zafi. 'Yan bas ta farko za su ce yana ta biyu. 'Yan ta biyu za su ce ya koma ta farko. Ai shi ya ce zai riga kowa isa. Matarsa kuma fushi take, ba za ta neme shi ba. Sai an isa gida, bayan tafiyar awa uku, za a gane babu shi.

Rana ta faɗa bayan tsauni. Sanyi ya fara shiga rigarsa da ta jiƙe. Hadari ya haɗu a sama, ruwan da ke bin kwazazzabon, wanda ɗazu bai kai diddige ba, ya fara taɓa masa ƙauri.

Ya ja jiki ya kamo wani reshe don ya dogara. Ruɓaɓɓe ne, ya karye a hannunsa. Ya tuna 'yar guntuwar sandar auta, yadda take buga ta a ƙasa tana cewa ita ce shugaba. Ko irin wannan ya samu da ya gode. Ya kifa fuska a kan dutsen, ƙato da shi, yana kuka.

Can sai ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ana buga sanda a jikin bishiya, ana tsayawa, ana sake bugawa. Ya rarumi dutse ya buga a kan dutse da duk sauran ƙarfinsa.

Fuskar farko da ta leƙo ta dattijon ce. Bayansa direbobi biyu, da ƙanin matar, da matar kanta ba takalmi a ƙafarta ɗaya.

Suka ɗaure mayafinta a jikin sanduna biyu suka ɗora Na-Sani a kai. Ƙanin yana haki ya ce, "Yaya, ka riga mu isa kuwa?" Ba wanda ya yi dariya.

A hanya matar ta ba shi labari. Kowa ya zauna, an tayar da motoci, sai dattijon ya tsaya a gabansu ya ƙi matsawa.

"Direba yana ta hon, 'Tsoho, matsa mana, hadari ne!' Shi kuma, 'Sanda ɗaya ba ta dawo ba.' Muka ce kowa ya mayar da tasa. Sai ya nuna wata a jingine ita kaɗai a bayan rumfa, ya ce, 'Wannan ta mai gilashi ce. Ya ƙi ta, amma na fitar masa da ita daga tari. Ban ga ya wuce ta gabana ba.' Na ce yana ɗaya motar. Ya ce, ''Yata, je ki gani da idonki.'"

Ta share hawaye. "Na je. Na duba har ƙarƙashin kujera, kamar mai neman akuya."

Ashe da sandunan dattijon yake sanin ko kurmi ya riƙe wani. Abin da ya so faɗa ke nan da safe.

Suna isa rumfar ruwan sama ya kece. Kafin a sa Na-Sani a mota, dattijon ya ɗauko sandar nan ya miƙa masa.

"Riƙe. Sai ka ba ni da hannunka."

Ya karɓa. Ya dogara da ita ya miƙe a kan ƙafa ɗaya, a gaban yaran da suka yi dariya da safe. Ya miƙa ta da hannu biyu.

Dattijon ya jefa ta cikin tari. "Yanzu sun cika. Ka san shekara nawa nake wannan aikin?"

Yara suka zuba wa Na-Sani ido, suna jiran kalmar da suka saba ji.

Na-Sani ya sunkuyar da kai. "Ban sani ba, Baba. Faɗa mini."

Darasi: Kada ka katse mai yi maka bayani da "na sani", wataƙila ragowar maganar ce za ta cece ka. Kuma in an raina ka a bakin aikinka, kada ka fasa yin sa daidai, ran wani yana iya rataye a kansa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman Na-Sanin gidanku. In ya ce ya riga ya karanta, ku ce ya sake.