Wanda Ya Ce A Bar Shi, A Bar Shi

Akwai wata mata da ake kira Ba-Ragi. Aibinta, in ji mutane, taurin kai: in ta ce a'a, ko za a kwana ana roƙonta ba ta juyawa. Mijinta ya rasu ya bar mata wani ɗan ofis a saman bene, tebur biyu da fanka mai ƙara. Aikin ofis ɗin shi ne aika wa jama'a saƙon imel a madadin masu sana'a: mai takalma, mai maganin gargajiya, da wata makarantar yara.

Dokarta ɗaya ce. Duk wanda ya ce a daina turo masa, ko ya yi ƙorafi cewa an dame shi, sai ta sa sunansa a jerin waɗanda ba a taɓawa. Kuma kowane mai sana'a da nasa jerin, don wanda ya gaji da tallar takalmi bai gaji da sanarwar makarantar ɗansa ba.

Wata rana mai takalma, wanda ya fi kowa kawo mata aiki, ya hau benen yana haki.

"Uwar ɗakina, kaya sun iso. Buɗe mini waɗancan da kika kulle, a tura wa kowa."

"Mutanen da suka ce ka ƙyale su?"

"Haba! Wannan ai tun bara ne. Ƙafarsu ba ta daina tafiya ba."

"Kai dai bakinka ne bai daina tafiya ba. Saƙonku duka ta ƙofa ɗaya yake fita. In suka yi ta ƙorafi, kamfanonin imel ƙofar za su rufe, ba kai kaɗai ba. Me makaranta ta yi maka?"

"To zan kwashe aikina."

Ta san in ya tafi rabin ofis ya tafi. Amma ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Ka sauka a hankali, matakala ta uku ta karye."

Ya tsallaka titi wurin wani mai irin aikinta, wanda ba ya ce wa kowa a'a. Aka tura wa kowa da kowa. Ƙorafi ya yi ta zuba. Ba a jima ba, duk saƙon da ya fito daga wancan ofis sai ya faɗa kwandon shara na imel, har na mai gyaran waya da na mai ɗinki da ba su san hawa ba balle sauka.

Ɗaya bayan ɗaya suka hawo benen Ba-Ragi, har sai da ta sayi tebur na uku. Daga ƙarshe ga mai takalma, hula a hannu.

"Uwar ɗakina, an yi kuskure."

"An yi, ko ka yi?"

"Na yi."

"Zauna. Waɗanda suka yi kuka da kai a can, duk za ka kawo mini sunayensu in haɗa da na nan. Sauran kuma kaɗan-kaɗan za mu fara tura musu."

"Ba za a ɗan sassauta ba?"

"Na ba ka kujera, ai na sassauta."

Darasin nan a fili yake. In kana aika saƙo a madadin mutane da yawa, mutuncinsu gaba ɗaya yana hannunka, kada ka sayar da shi don mutum ɗaya. Wanda ya ce a bar shi, a bar shi. Naci ba ya kawo mai saye, rufe ƙofa yake sawa a yi.